Sammacin Ciyarwa da Musun Nasaba: Nazarin Matsayin Wanda Ake Ƙara a Magajin Gari, Birnin Gwari

Tsakure

Maƙalar ta duba matsayin magidancin da aka aiko wa sammaci kan ciyar da yaro alhali yana musun cewa ɗansa ne. Ta kafa hujja cewa amsa kiran kotu ba amsa nasaba ba ne, kuma jinkirin musu ne ke kayar da irin wannan mutum tun kafin a zo batun gwajin jini.

Gabatarwa

Tun daga 2001, lokacin da gwamnatin Ahmed Makarfi ta kafa kotunan shari'a da na al'ada a Jihar Kaduna, ƙarar ciyarwa tsakanin Musulmi tana gaban alƙalin shari'a. Idan aka ɗaukaka ta, tana iya kaiwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ikon sauraron al'amuran aure da iyali. A Birnin Gwari batun ya ƙara tsanani, domin hare-haren 'yan bindiga daga dazukan Kuyambana da Kamuku sun koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari, har da mazaɓun Magajin Gari, sun kuma raba maza da matansu na tsawon watanni. Binciken ya dogara ne ga Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, tare da dokokin ƙasa.

Shiru da jinkiri

Ra'ayin da ke yawo a majalisun maza shi ne wanda ya je kotu ya yarda yaron nasa ne, don haka gara ya noƙe. Wannan kuskure ne mai tsada. A mazhabar Malikiyya ana iya yanke hukunci kan wanda ba ya nan, kuma izarin da alƙali ke yi kafin hukunci, wato tambayar ko akwai sauran hujja, mai amfani ne ga wanda ya halarta kaɗai. Ƙa'ida ita ce ɗa na mai shimfiɗa ne: duk yaron da aka haifa bayan wata 6 da aure ana jingina shi ga miji, kuma ciyarwa tana bin nasaba. Babbar ƙofar fita ita ce li'ani, wanda ya zo a Suratun Nur, aya ta 6 zuwa ta 9: rantsuwa huɗu da ta biyar ta tsinuwa, sannan rabuwa ta har abada. Amma ƙofar tana rufewa da wuri. Malaman Malikiyya sun sharɗanta cewa miji ya yi musu da zarar ya san da cikin ko haihuwar. Idan ya yi shiru kwana ɗaya ko biyu ba tare da uzuri ba, ko ya sadu da matar bayan ya sani, haƙƙinsa ya faɗi. Mutumin da ya karɓi barka, ya yanka ragon suna, ya raɗa wa yaro suna, sannan ya tuna da musu ranar da aka nemi kuɗin hatsi da magani, ya riga ya ba da shaida a kan kansa. Wannan tsanani daidai ne, domin yaro bai kamata asalinsa ya rataya a kan fushin da ya biyo bayan saki ba.

A nan ne halin Birnin Gwari ke shigowa. Mijin da aka tsare a daji, ko wanda rufewar hanyar Kaduna ta hana komawa gida, yana da uzuri na gaske, kuma lokacinsa yana farawa ne daga ranar da labari ya iske shi. Sai dai uzuri abu ne da ake tabbatarwa a gaban alƙali da shaidu, da ranar tafiya da ranar saki da batun istibra'i. Doguwar tafiya ita kaɗai ba ta isa ba, tunda mashhurin mazhaba ya kai iyakar ciki shekara 4 ko 5, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta karɓi hujjar kwantaccen ciki a shari'ar Amina Lawal ranar 25 ga Satumba, 2003.

Batun gwajin ƙwayoyin halitta

Masu suka za su ce gwajin DNA ya kashe wannan muhawara, su kawo sashe na 63 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da ya ba kotu damar umartar gwaji. Hujjarsu tana da ƙarfi inda aka musanya jarirai ko nasaba ta rikice. Amma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta hana amfani da gwajin wajen kore nasabar da ta tabbata ko gabatar da shi a kan li'ani. Ko dokar shaida ta 2011, a sashe na 165, tana ɗaukar yaron da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan mutuwar auren, a matsayin ɗan miji. Takardar asibitin da mutum ya samo da kansa ba ta ɗauke masa wajibcin halarta.

Iyakar bincike

Nazarin ya tsaya ga nassosi da kuma ɗan da aka haifa a inuwar aure tsakanin Musulmi. Ƙararrakin da ke zuwa kotun al'ada, da na cikin da aka samu ba aure, suna da nasu hukunce-hukuncen daban.