Injin Ƙa'idoji a Tsarin Aron Littattafai na Laburare

Injin ƙa'idoji wani sashe ne na manhajar kwamfuta wanda aikinsa shi ne yanke hukunci bisa sharuɗɗan da aka rubuta masa. Kowace ƙa'ida tana da gaɓa biyu, sharaɗi da hukunci, wato idan abu kaza ya tabbata, to a zartar da kaza. Ana ajiye waɗannan ƙa'idoji daban da ainihin ginin manhajar, domin hukumar laburare ta iya sauya tsarin aro ba sai ta nemo masanin kwamfuta ba.

Yadda Yake Aiki

A duk lokacin da mai karatu ya gabatar da littafi domin aro, injin yakan duba abubuwa uku: rukunin mai aron (ɗalibi ne, malami ko baƙo), nau'in abin da za a ara, da kuma reshen laburaren. Daga nan sai ya fitar da hukunci game da ko za a ba da aron, da tsawon wa'adinsa, da sau nawa za a sabunta shi, da kuma tarar da za a biya idan an makara. Alal misali, ana iya ba ɗalibi littafi na mako 2, malami na wata 3, amma ƙamus ba ya fita ga kowa.

Idan Ƙa'idoji Suka Ci Karo

Wannan shi ne wurin da ya fi buƙatar kulawa. A misalin da ya gabata, idan malami ya nemi aron ƙamus, ƙa'idoji biyu ne suka shafe shi, kuma hukuncinsu ya saɓa. Saboda haka wajibi ne a tsara fifiko tun farko.

Manhajar Koha, wadda aka fitar a ƙasar Niyu Zilan a shekarar 2000 kuma ake amfani da ita a wasu jami'o'in Nijeriya, tana jera ƙa'idojinta a jadawali. Takan fara da ƙa'idar da ta dace da reshe da rukunin mai aro da nau'in littafi baki ɗaya. Idan babu, sai ta gangara zuwa wadda ta fi faɗi.

Ita kuwa manhajar FOLIO, wadda aka soma aikinta a 2016, ana rubuta ƙa'idojinta ne layi-layi, sannan ta mayar da su ga injin Drools. A cikinta akwai layin da ke bayyana tsarin fifiko, da kuma layin madogara wanda ake komawa gare shi idan babu ƙa'idar da ta dace.

Muhimmancinsa

Injin yana sa a yi wa masu karatu hukunci iri ɗaya a kowane reshe. Sai dai abin da aka rubuta masa kawai yake zartarwa. Kuskure ɗaya a fifiko na iya hana ɗalibai aro ana dab da jarrabawa, ko ya ɗora wa mutum tarar da ba ta hau kansa ba. Don haka ya kamata hukuma ta fara amincewa da tsarin a rubuce, kuma a gwada kowace sabuwar ƙa'ida kafin a fara aiki da ita.