Karatun digiri na ɗaukar hoton asibiti a Kano

Ɗaukar hoton asibiti, wanda ake kira rediyogirafi, fanni ne na kimiyyar lafiya da ke amfani da na'urori wajen ganin cikin jikin ɗan Adam ba tare da an yi tiyata ba. A Najeriya ana karanta shi a matakin digirin farko na tsawon shekara biyar. A Jihar Kano ana koyar da shi a Jami'ar Bayero, a Tsangayar Fannonin Taimakon Lafiya da ke ƙarƙashin Kwalejin Kimiyyar Lafiya, ɗalibai kuma suna koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suna daga cikin sauran jami'o'in Arewa da ke da wannan kwas.

Suna

A Hausar yau da kullum kalmar "hoto" ce ke ɗaukar kusan duk wannan aiki. Ana cewa "hoton ƙirji", "hoton ƙashi", ko "likita ya tura mu hoto". Awon ciki da na'urar sauti ne kawai ya samu sunansa daban, wato "sikanin", musamman a bakin mata masu zuwa awo. Wannan dunƙulewar suna na daga cikin abin da ya sa mutane da yawa ba sa bambanta ma'aikata biyu. Mai ɗaukar hoton asibiti shi ne wanda ya yi wannan digiri, shi ke shirya maras lafiya, ya sarrafa na'ura, ya fitar da hoto. Likitan hoto kuwa cikakken likita ne da ya ƙware daga baya a kan karanta hotunan da gano cuta.

Tarihi

Wilhelm Röntgen, masanin fiziks ɗan ƙasar Jamus, shi ne ya gano hasken eksire a ranar 8 ga Nuwamba, 1895, a birnin Würzburg, aka ba shi kyautar Nobel a 1901. Saboda haka ne ma'aikatan fannin ke bikin ranarsu ta duniya a wannan rana kowace shekara. A 1958 Ian Donald da abokan aikinsa a Glasgow suka wallafa bincikensu kan duba ciki da sauti. An fara gwada na'urar CT ta Godfrey Hounsfield a kan maras lafiya a Landan a 1971, sannan Paul Lauterbur da Peter Mansfield suka samu kyautar Nobel a 2003 kan aikin da ya haifar da MRI.

A Najeriya an daɗe ana horar da ma'aikatan a matakin difloma a Legas, kafin Jami'ar Kalaba da Jami'ar Najeriya reshen Inugu su fara digiri a farkon shekarun 1980. Dokar soja mai lamba 42 ta 1987 ce ta kafa hukumar yi wa ma'aikatan rajista, wato RRBN, wadda ke tantance sassan jami'o'i tare da bayar da lasisin aiki.

Sharuɗɗan shiga da tsarin karatu

Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. A jarrabawar JAMB kuma ana zana Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Guraben ba su da yawa, domin hukumar rajista kan ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka.

Shekarar farko ta kimiyyar gaba ɗaya ce. Daga nan ɗalibi yake shiga ilimin halittar jiki da ayyukan gaɓoɓi, tare da fiziks na rediyeshan. Nan ne da yawa ke shan wuya, domin wanda ya shigo da tunanin danna maɓalli kawai zai koya sai ya tarar dole ya san kowane ƙashi da kusurwar da za a haska shi, ya kuma san yadda ƙarfin wuta ke canza hasken hoto. A shekarun ƙarshe ana koyar da eksire, sikanin, CT, MRI, hoton nono da gashin ciwon daji, sannan ɗalibi ya rubuta kundin bincike. Bayan digiri akwai aikin sanin makama na shekara ɗaya a asibitin da aka amince da shi, sai bautar ƙasa.

Kariya daga rediyeshan

Eksire da CT suna amfani da haske mai iya lahanta ƙwayoyin jiki idan ya yi yawa. Sikanin da MRI ba sa amfani da shi: na farko sauti ne, na biyu maganaɗisu mai ƙarfi, shi ya sa ba a shiga ɗakin MRI da ƙarfe. Ana auna abin da jiki ya ɗauka da ma'aunin milisibat. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce kusan 0.1 ba, CT na ciki kuwa kan kai wajen 8 zuwa 10, alhali matsakaicin abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a shekara kusan 2.4 ne. Ƙa'idar duniya ta iyakance wa ma'aikaci 20 a shekara, idan aka raba a kan shekara biyar.

Don haka ake koya wa ɗalibi sanya rigar dalma, tsayawa bayan shinge, da rataya ɗan ma'aunin da ke nuna abin da jikinsa ya tara. Ana kuma koya masa tambayar mace ko tana da juna biyu kafin a haska ta. Hukumar NNRA ce ke kula da lasisin na'urorin da ke fitar da rediyeshan a ƙasar.

Fannin a karkarar Kano

Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa ta nuna fuskoki biyu na lamarin. A nan ne ɗaya daga cikin makarantun sakandaren kimiyya biyu na farko da Jihar Kano ta buɗe a 1977 take, ɗayar kuma a Dawakin Kudu, da nufin samar wa jihar ɗaliban da za su karanta likitanci da injiniyanci da makamantansu. Darussan da ake ba muhimmanci a can su ne ainihin waɗanda wannan digiri ke nema.

A ɗaya ɓangaren, manyan na'urori irin su CT da MRI a cikin birnin Kano suke. Manomin da ya faɗi daga babur, ko wanda mota ta buge a hanyar Katsina wajen Dawanau, galibi sai an kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, ko Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano. Kuɗin mota da na hoto kan sa wasu su tsaya wurin mai ɗori, kodayake akwai masu ɗorin da yanzu ke cewa a je a ɗauko hoto tukuna. Hoton ƙirji kuma na da muhimmanci wajen binciken tarin fuka, sikanin kuwa wajen sanin kwanciyar jariri da gano tagwaye tun kafin naƙuda.

Sayen na'ura ba shi ne ƙarshen matsala ba. Tana buƙatar tsayayyiyar wuta, da injiniyan gyara, da ma'aikaci mai lasisi da zai yarda ya zauna a ƙauye. Ga kuma batun kunya: mata da yawa sun fi sakewa idan mace ce za ta yi musu sikanin ko hoton nono, kuma wannan na daga cikin dalilan da ake ƙarfafa wa 'yan mata gwiwar neman kwas ɗin. Wasu daga cikin waɗanda suka kammala kan tafi aiki Birtaniya ko Saudiyya, inda albashi ya fi tsoka.