Tsadar rayuwa da ingancinta: Yadda ake kwatanta Legas, Abuja da Kano

A shekarar 2024 kamfanin Mercer ya jera birane 226 na duniya bisa tsadar rayuwa. Hong Kong ce ta zo ta ɗaya, Legas ta 225, Abuja kuma ta 226, wato su ne mafiya araha. Sakamakon ya fito ne a daidai lokacin da magidanta a biranen biyu ke kokawa da tsadar abinci da kuɗin haya.

Dalili shi ne an tsara wannan ma'auni ne domin ma'aikatan da kamfanoni ke turawa ƙetare, kuma da dala ake lissafinsa. Bayan Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Mai dala ya samu sauƙi, mai albashin naira ya ji a jikinsa. Saboda haka, ga ɗan ƙasa, ana gane arahar gari ne idan aka auna abin da yake samu da abin da yake kashewa.

Albashi da haya

Dokar da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Jihar Legas ta amince da 85,000, Kano kuma 71,000. Sai dai ratar naira 14,000 ba ta taka kara ta karya ba idan aka zo batun muhalli, domin haya a Legas da Abuja ta fi ta Kano nesa ba kusa ba, kuma galibi kuɗin shekara ake biya a dunƙule, ban da la'adar dillali da kuɗin yarjejeniya.

Sufuri

Tsadar gidaje a tsakiyar Abuja ta tura ma'aikata da dama zuwa Kubwa, Lugbe da Nyanya, wasu har Mararaba a Nasarawa da Suleja a Neja. Abin da suka rage a haya sukan mayar da shi a kuɗin mota, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Legas na da motocin BRT tun 2008, da jirgin ƙasa na Blue Line tsakanin Marina da Mile 2 tun Satumban 2023, amma cunkoso na cinye sa'o'in jama'a. A Kano, adaidaita sahu ne ginshiƙin zirga-zirga.

Abinci

A nan Kano ke da rinjaye. Kasuwar hatsi ta Dawanau na bakin gari, ga gonakin rani na Kadawa da Kura. Yawancin tumatir, albasa da shanun da ake sayarwa a Legas daga Arewa ake kai su, kuma mai saye ne ke biyan kuɗin dakon.

Ingancin rayuwa

Araha daban, jin daɗin zama daban. Cibiyar bincike ta Economist Intelligence Unit na auna birane da abubuwa biyar: zaman lafiya, kiwon lafiya, ilimi, ababen more rayuwa, da al'adu tare da muhalli. A jerinta na 2024 mai birane 173, Vienna ce kan gaba, Legas kuma ta 170. A gida, wutar lantarki misali ce: tun Afrilun 2024 masu rukunin Band A ke biyan kuɗi mafi tsada bisa alƙawarin samun wuta aƙalla sa'o'i 20 a rana. Inda babu wuta ko famfo, kuɗin janareta da na 'yan garuwa na shiga lissafin wata.

Ga mai shirin sauya gari, abin dubawa shi ne abin da zai rage masa bayan haya, mota da cefane, da nisan asibiti, makaranta da wurin aiki daga gidansa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na wallafa alƙaluman hauhawar farashi jiha-jiha kowane wata.