Tarihin Barasar Tuƙa Mota da Abin da Tamale Za Ta Koya

Fetur ɗin da ake zuba wa babura da motoci a Tamale yana yin doguwar tafiya kafin ya iso. Daga Tema a bakin teku yake fitowa, wani a tankunan mota, wani kuwa a jirgin ruwa ta Tafkin Bolta daga Akosombo zuwa Buipe. Saboda haka in mai ya yi tsada a duniya, mutumin arewa yakan ji a jikinsa. Wannan damuwa ce ta sa waɗansu ƙasashe suka nemi man da za a iya nomawa a gona.

A shekara ta 1973 ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai, kuɗin ganga ya ninka wajen sau huɗu. Ƙasar Birazil ta sha wuya ƙwarai, gama yawancin manta daga waje take saya. Amma tana da rake mai yawa. A 1975 gwamnatin Shugaba Ernesto Geisel ta kafa shiri mai suna Proálcool, domin a dafa ruwan rake a tace barasa tsantsa, wadda ake kira itanol, a zuba wa mota. A 1979 kamfanin Fiat ya fito da mota ƙirar 147 wadda barasa kaɗai take sha. Kafin tsakiyar shekarun 1980, yawancin sababbin motocin ƙasar irin wannan ne.

Sa'an nan al'amari ya juya. Kuɗin fetur ya faɗi a 1986, kuɗin sukari kuma ya tashi, sai masu rake suka koma yin sukari. A 1989 barasa ta yi ƙaranci, masu motoci suka yi ta layi a gidajen mai, mutane suka daina amincewa da ita. Maganin ya zo a 2003, lokacin da Volkswagen ya fito da mota ƙirar Gol mai shan mai biyu. Ana iya zuba mata fetur, ko barasa, ko a gauraya su, na'urar cikin injin kuwa ta daidaita kanta. Mai mota ya sami zaɓi ke nan.

To, yaya barasa take in an gwada ta da fetur? Ƙarfin da ke cikin lita guda ta itanol wajen kashi biyu cikin uku ne na litar fetur, domin haka tanki yakan ƙare da wuri. Direbobin Birazil suna da lissafinsu: in kuɗin barasa ya wuce kashi 70 cikin 100 na kuɗin fetur, gara a sayi fetur. Barasa tana jan ruwa, tana cin robobin tsohon inji, mota kuma takan yi wuyar tashi da ita da sanyin safiya. Amma tana ƙonewa da tsabta, hayaƙinta bai kai na fetur guba ba, kuma inji ba ya yawan ƙwanƙwasa da ita. Babban alherinta shi ne, rijiyar mai tana ƙafewa, rake kuwa ana sāke shuka shi.

Sai dai man gona yana bukatar gona. A Amurka da masara ake yin itanol, har yakan ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar ƙasar. Da abinci ya yi tsada a duniya a 2007 da 2008, mutane da yawa suka ɗora wa wannan sana'a wani sashi na laifin.

A shekarun nan ne zancen ya iso arewacin Gana. Wani kamfanin mutanen Norwe mai suna BioFuel Africa ya zo neman fili domin shuka bini-da-zugu, wanda ake tatsar man da zai maye gurbin gas daga 'ya'yansa. Ya fara share daji a Alipe kusa da Kusawgu, aka sare itatuwa har da kaɗanya, mutane suka yi ƙara, aiki ya tsaya. Daga baya ya koma Kpachaa a hanyar Yendi. Ba a daɗe ba kuɗi suka yanke, noman bini-da-zugu ya mutu.

Abin da wannan tarihi ya nuna a fili yake. Barasa tana iya tuƙa mota, Birazil ta tabbatar da haka shekaru fiye da arba'in. Amma ta yi nasara ne domin tana da ruwan sama da filin rake mai yawa. Ƙasar Dagomba damina ɗaya take samu a shekara, dawa da masara da doya da rogo kuwa su ne abincin gida, kaɗanya kuma ita ce jarin mata. Duk ranar da wani ya sāke zuwa neman fili domin man mota, ya kamata sarakuna da talakawa su fara tambayar abin da za a ci, da wanda zai riƙe gonar in kamfani ya tafi.