Motsin da Ake Ji da Kunne

Wata la'asar a Matameye, a bakin shagon cajin salula kusa da tasha, na tarar da yara shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon Tom da Jeri. Lasifikar wayar ta mutu, hoto kaɗai ke tafiya. Amma kallo bai ɓaci ba, don akwai wani ɗan tsamurmurin yaro, ba zai wuce shekara goma ba, da ya ɗauki aikin lasifikar ya aza wa bakinsa. Muzuru ya taho a guje, ya ce fiii. Ya ci karo da ƙofa, ya ce garam. Ya sulale ƙasa, ya ja suuu, ya rufe da tim. Da ɓeran ya leƙo daga rami yana sanɗa, sai ya koma ƙyas-ƙyas da harshe a kan ganda. Sau ɗaya ya makara, tulu ya riga bakinsa isa ƙasa, babbansu ya sakar masa ranƙwashi.

"Kai, sai da ya fashe kake cewa tas?"

"To Yaya, ai bai nuna zai faɗi ba."

Na wuce ina laluben sunan aikin da yaron nan ke yi, har na isa gida ban samo ba.

Shi kansa abin da suke kallo sunansa bai zauna wuri ɗaya ba. Garin nan yana da ƙofa biyu da suna ke shigowa ta cikinsu. Ta lakwal da Télé Sahel muka karɓi desan anime, ta hanyar Kano kuwa, wadda ke bi ta Daura ta ƙetaro Ɗan Barto, muka karɓi katun. Asalin katun kalmar Italiya ce mai nufin kwali, irin takarda mai kauri da masu zane ke gwada hannu a kai kafin su hau bango. Mujallar Punch ta Landan ce ta mai da ita sunan zanen barkwanci a 1843. Anime kuma ta fito daga kalmar Latin mai nufin rai da numfashi. Kenan Bature ɗaya ya sa wa abin sunan takardar da aka yi shi a kai, ɗayan ya ce zane ne da aka hura wa rai. Malamanmu na Hausa suka ce zane mai motsi.

Na daɗe ina raina wannan sunan. Gani nake ya bushe, kamar an fassara shi a ofis da azahar ana jin yunwa. Yaron tasha ne ya sa na sake lale. Tsakar dare in akuya ta goga jikinta da danni, maigida ba ya cewa ya ga motsi, cewa yake ya ji motsi. In gida ya yi tsit a ce ba motsin kowa. Abokinka ya kwana biyu bai leƙo ba, ka aika masa cewa ba ka jin motsinsa. A bakin Bahaushe, motsi da kunne ake fara sanin sa, ido daga baya yake zuwa ya tabbatar. Saboda haka zanen da ke wutsil-wutsil a gilashi ba tare da an ji komai ba, rabin motsi ya yi. Ana cewa gani ya kori ji, amma a wannan sana'a ji ne ke riƙe da gani: ka kashe lasifika ka ga yadda guduma ke zama auduga.

Dalilin a fili yake. Fim na mutane, ko ba komai, akwai makirfo a wurin ɗauka, an kama tari da takun takalmi da kukan ƙyauren ƙofa. Zane ba shi da ko ɗaya. Hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa guda, sau da yawa zane 12 ne ake ɗaukar kowanne sau biyu, kuma babu wanda ya taɓa yin atishawa a cikinsu. Duk abin da kunne zai ji sai an ƙera shi an ɗora. Tun Steamboat Willie na 1928, inda Walt Disney da kansa ya yi wa Mickey murya, haka ake yi. Ihun nan na Tom idan an take masa wutsiya, wanda yaran tasha suka rasa ranar, daga maƙogwaron William Hanna ya fito, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro shi a 1940.

A Amurka aikin yana da suna, kuma sunan mutum ne. Jack Foley ma'aikacin kamfanin Universal ne lokacin da fim ya fara magana. Daga Show Boat na 1929 ya shiga tsayawa gaban allo yana kallon ɗan wasa, yana taka ƙasa daidai da takunsa, yana karkaɗa tufa daidai da juyawarsa, ana naɗa. Ya mutu a 1967, har yau aikin foli ake ce masa, kamar yadda mu ma muke kiran kowane dunƙulen ɗanɗanon miya magi ko wane kamfani ya yi shi. Amurkawa suna da wannan ɗabi'a ta laƙaba wa sauti sunan mutum. Akwai wani ihu da aka naɗa a 1951 don wani da kada ya cafke a fim, aka sake sa shi a bakin wani soja mai suna Wilhelm a fim ɗin 1953, daga nan ya zama ihun Wilhelm, ana ta aronsa har cikin Toy Story. Faransawa ba su bi ta nan ba. Burwitaj suka ce, daga kalmarsu ta ƙara da hayaniya, mai yi kuma burwiter.

To mu fa? Kalmomin ji ba su ne suka yi mana ƙaranci ba, yawa ma suka yi, kuma kowace ta riga ta yi aure. Sauti Balarabiya ce, ita ce babbar rumfa, amma ka ce mai sauti a Matameye za a nuna maka wanda ke ba da hayar lasifika ranar biki. Murya ta mai maƙogwaro ce, tulu ba shi da ita. Ƙara ta fi kusa da ta Faransawa, sai dai mai ƙara a gaban alƙali yake. Amo ita ce ta fi daɗi a baki, ita ake nema in mace ta ƙwanƙwasa ƙwarya a kasuwa don ta ji ko tana da tsaga, amma amo halin abu ne, ba aikin mutum ba. Mai kwaikwayon sauti daidai ne, sai dai kafin ka gama faɗa tulun ya fashe. Ni da za a bar ni, mai ɗora motsi zan ce, tunda ɗorawa ake, kuma motsi ne ake ɗorawa. Na san dai ba marubuci ke raɗa wa sana'a suna ba, bakin kasuwa ne.

Ko da yake sunan bai samu ba, mutumin ya daɗe a cikinmu. Zamanin da Turawan Ingila ke yawo da motar haska fim a garuruwan Arewacin Najeriya, aka samo kalmar majigi daga majik lantan, fitilarsu ta haska hoto. Wasu kuma suka kira silima dodon bango. A gefen farin ƙyallen akwai mutum tsaye da makirfo yana ba hoton baki da Hausa, tafinta ake ce masa, alhali ba tafinta kaɗai yake ba, shi ke sa a yi dariya a inda ya ga dama. A wannan ɓangaren na iyaka kuma muna da Mustafa Alasan, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942, makaniken da ya fara da wasan inuwa da fitila tun yana yaro, ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren. McLaren ɗin nan wani irin mutum ne da ke zana sauti da hannu a gefen zaren fim, inda na'ura ke karantawa, ba tare da an busa ko an kaɗa komai ba. Alasan ya dawo ya yi Bon Voyage Sim a 1966, shugaban jamhuriyar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, ya yi Samba le Grand a 1977 da 'yan tsana, muryar Rouch na ba da labari. Ya zauna Tahoua yana aiki har ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Wagadugu a 2015.

Sunayen fina-finansa ma abin dubawa ne. Aouré na 1962 ba komai ba ne illa aure da rubutun Faransanci. Kokoa kuwa kokowa ce, wadda Kanawa ke ce wa kokawa, dabbobin tsana ne ke kama juna a fili. Duk wanda ya taɓa zama a filin gasar kokowa ta takobi, wadda aka fara a Tahoua a 1975, ya san rabin kokowa a kunne take: ganga, kirari, nishin mutum biyu da suka sarƙe, sannan kuwwar da ke tashi in baya ya taɓa rairayi. 'Yar tsana ba ta nishi. Wani ne zai shiga ɗaki ya yi mata. A nan ne kuma muke da kalmar da ta fi ta kowa. Masu kiɗan fim suna ba kowane jarumi ɗan guntun kiɗansa, da ka ji shi ka san waye tafe ko bai shigo hoto ba. Wannan ai take ne. Kowane ɗan kokowa da nasa, kowane sarki da nasa, ba sai mun aro ba.

Murya kuwa, a yawancin manyan situdiyon Turai da Amurka, ita ake fara ɗauka kafin a zana baki. Mai zane zai zauna da takarda mai layi-layi, kowane layi hoto ɗaya, ya rubuta inda leɓe ke rufewa da inda yake buɗewa. A Japan akasari zane ke riga murya. Michel Ocelot, da zai yi Kirikou a 1998, Dakar ya je ya ɗauki muryoyi, Youssou N'Dour ya yi kiɗa. Ga wani ɗan tarko ga duk mai son zana Bahaushe yana magana. Jadawalin siffofin baki da ake koyo da shi, wanda aka tsara don Turanci, yana zana f da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Mu ba haka muke furta ta ba. Ka ce fura a gaban madubi, leɓe biyu ne ke matsowa kamar mai hura wuta, haƙori bai san ana yi ba. Wanda ya kwafi jadawalin yadda yake, Gizonsa zai fito da bakin Bature. Gizo kuwa ba a wasa da bakinsa, don tsamin bakin nan da kaka ke yi masa a tatsuniya shi ne shaidarsa. Kaka ɗaya, a tabarma ɗaya, ita ce Gizo, ita ce Ƙoƙi, ita ce kura mai kaurin murya. Amurkawa sun yi wa Mel Blanc, mai muryar Bugs Bunny, laƙabi da mai murya dubu. Mu dai kaka muke cewa.

Sauran aikin bayan ɗauka, nan Nijar montaj da miksaj da dubulaj ake cewa, a Kano editin da miksin da dobin. In za a yi Hausa tsantsa a ce tacewa, tace hoto, tace sauti, kamar yadda ake tace gasara. Matsalar ita ce kalmar tana da wani maigidan: hukumar da Jihar Kano ta kafa a 2001 don duba fina-finai ita ma tacewa take. Ka ce an tace fim, ba a sani ba ko gyara shi aka yi ko yanke shi. Fassara ma ta rufe abu da yawa. Tunda fina-finan Indiya masu magana da Hausa suka cika wayoyi, har sunan kamfanin Algaita ya zama kamar sunan nau'in, kowa fassara yake cewa. Amma cire murya a sa wata ba juya magana ba ne kawai. Manyan kamfanoni suna ajiye zubi na dabam mai kiɗa da motsi ba magana, don mai canza harshe ya ɗora nasa a kai. Wanda bai sami wannan zubin ba dole ya danne komai in zai yi magana, shi ya sa a wasu katun ɗin da aka fassara za ka ji ruwan sama ya ɗauke duk lokacin da zaki ya buɗe baki, ya rufe baki ruwa ya dawo.

Bayan kwana biyu na tara 'ya'yan ƙanena a soron gidanmu, muka kashe muryar wani guntun katun a waya ɗaya, muka kunna naɗi a ɗaya. Ɗakin ƙasa ya fi na siminti da kwano, ba ya mayar da magana. Ludayi biyu a kife a kan yashi suka ba mu kofaton doki. Tsabar gero a hankali a kan faranti ta zama yayyafi, leda a dunƙule a tafi ta zama wuta tana cin kara, faifai biyu suka zama fukafukin shaho. Turawa da sandar wani ganyen miyarsu suke karya ƙashi, mu kuwa garin rake ne, aka ɗora gaɓa ɗaya a gwiwa, ƙwas, har ƙaramar cikinsu ta dafe hannunta. An ci ƙashin bayan an gama.

Abu ɗaya ya rage. Masu aikin suna naɗar shirun wuri, don kowane ɗaki da irin nasa, kuma shi ake shimfiɗawa ƙarƙashin komai don kada kunne ya ji rami tsakanin magana da magana. Faransawa ambiyans suke ce masa, kalmar da a garin nan ke nufin biki ya yi armashi. Na ce kowa ya kame bakinsa minti ɗaya. Da muka saurara, ga injin niƙa can nesa, ga kabu-kabu biyu, ga kurciya a kan darbejiya, ga jaki da ya fara ya fasa, ga kuma tabarya daga gidan maƙwabta, ba ta kuskure bugu ko ɗaya ba.

"Baba," in ji babbar, "ai wannan ba shiru ba ne, Matameye ce."