Wasiƙa Daga Amurka: Yaron Gidana Ya Ce Ya Gaji Da Soka

Ina yi wa kowa fatan alheri, musamman waɗanda suka aiko suna cigiyata. Lafiya lau nake, aiki ne ya sha kaina. Wasiƙar yau wata gardama ce ta jawo ta, kuma a cikin gidana aka yi ta.

Autana, wanda aka haifa a nan jihar Massachusetts, ya same ni da daddare ya ce, "Baba, ni na gaji da soka, ka sa mini hannu a takardar makaranta in koma futbol." Ga wanda bai sani ba, abin da mu muke kira ƙwallon ƙafa shi mutanen nan ke kira soka. Futbol kuwa a wurinsu wani wasa ne ɗan uwan zari-ruga, a sa hular kwano da sulke a kafaɗa, a rungumi ƙwallo mai siffar gwanda, a yi ta karo kamar raguna. Na ce masa mene ne dalili? Ya ce abokansa sun ce soka wasan 'yan mata ne da 'yan ci-rani, a yi minti 90 ana zagaye ba a ci ko ɗaya ba, kuma da an ɗan taɓa mutum sai ya faɗi yana birgima. Ban sa hannun ba. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin na fi shekara 30 ina jin waɗannan maganganu daga bakin abokan aiki, ban taɓa zaton zan ji su daga bakin ɗan cikina ba.

Bari in fara da sunan kansa. Turawan Ingila na yi wa Amurkawa dariya saboda kalmar soka, alhali su suka ƙirƙire ta. Bayan an kafa hukumar ƙwallon ƙafa a Landan a 1863, ɗaliban jami'o'insu ne suka gutsure sunan hukumar suka mai da shi soka, don a bambanta da zari-ruga. Kuma wasan da Amurkawa ke ƙirgawa a matsayin futbol na farko tsakanin jami'o'i, wanda Rutgers ta ci Princeton 6 da 4 ran 6 ga Nuwamba 1869, ya fi kama da namu, domin ba a yarda a ɗauki ƙwallo a ruga da ita ba. Jami'ar Harvard ce ta karkata akalar, bayan ta kara da McGill ta Kanada a 1874 ta ɗanɗana zari-ruga ta ji daɗinsa. Sauran manyan jami'o'i suka bi ta, daga 1880 kuma Walter Camp na Yale ya yi ta sauya dokoki har wasan ya zama nasu na kansu. To ka ga 'ya'yan manya sun tafi da futbol, an bar wa leburori soka.

Leburorin kuwa sun riƙe ta da kyau. Kudu da Boston akwai wani gari, Fall River, garin masaƙu ne, cike da mutanen da suka zo daga Ingila da Sikotilan da Fotugal. A shekarun 1920 kulob ɗin garin, Marksmen, da na kamfanin ƙarfe na Bethlehem Steel a Pennsylvania, su ne zakarun wata babbar lig da aka kafa a 1921. Tana biyan kuɗi har ta riƙa janye 'yan wasa daga Sikotilan, abin da ya sa aka kai ƙararta gaban FIFA. Wani abin dariya, dokar Massachusetts ta wancan zamani ta hana irin wannan wasa ran Lahadi, sai mai kulob ɗin ya gina filinsa a Tiverton, 'yan taku kaɗan cikin jihar Rhode Island. Rigimar shugabanci ta 1928 tsakanin lig ɗin da hukumar ƙasa, da karayar tattalin arziki ta 1929 da ta rufe masaƙu, su suka kashe ta a 1933. Kafin nan dokar 1924 ta riga ta taƙaita shigowar baƙi daga Turai, wato an datse rafin da ke shayar da gonar.

Duk da haka a gasar cin kofin duniya ta farko, a Uruguay a 1930, Amurka ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Ajantina ta lallasa ta 6 da 1. Mutumin da ya fara cin ƙwallo uku a wasa ɗaya a tarihin gasar, Bert Patenaude, ɗan Fall River ne, sai a 2006 FIFA ta tabbatar masa da hakan. Sannan ga abin da ya faru ran 29 ga Yuni 1950 a Belo Horizonte ta Brazil, inda Amurka ta ci Ingila 1 da nema. Mai tsaron gidanta direban motar ɗaukar gawa ne, wanda ya ci ƙwallon kuma, Joe Gaetjens, ɗan Haiti ne mai wanke kwanuka a wani gidan abinci a New York. Ɗan jaridar Amurka ɗaya tak ya je, shi ma da kuɗin aljihunsa. Gaetjens ya koma ƙasarsu, 'yan ta'addar gwamnatin Duvalier suka kama shi a 1964, ba a sake ganinsa ba. Daga 1950 Amurka ba ta sake leƙa gasar ba sai 1990. A cikin shekarun nan 40 ne yara suka tashi ba su san kakanninsu sun taɓa buga wasan ba, suka ɗauka kayan baƙi ne.

Har siyasa ta shiga. Jack Kemp, ɗan majalisar wakilai kuma tsohon ɗan wasan futbol, ya tashi a zauren majalisa ya kwatanta futbol da dimokuraɗiyya da jari-hujja, ya ce soka ta 'yan gurguzun Turai ce. Daga baya ya ce da wasa yake. Ko da wasa ne, akwai masu faɗin haka da gaske har gobe.

Yanzu ga koke-koken. Na farko rashin cin ƙwallaye. Na taɓa ce wa wani abokin aikina, a futbol ɗinku in mutum ya kai ƙwallo gida maki 6 ake ba shi, a ƙara masa 1 in ya buga ta shiga, saboda haka wasan da aka tashi 21 da 14 ai 3 da 2 ne aka sa masa babbar riga. Kuma jaridar Wall Street Journal ta auna a 2010, ta gano a cikin awa uku da ake kwashewa ana kallon futbol, kimanin minti 11 ne kawai ƙwallo ke motsi. Sauran duk shawara ce da talla. A ganina ma tallar nan ita ce gindin maganar. Wasan da za a yi minti 45 ba a tsaya ba, ina gidan talabijin zai cusa tallar mota da giya? A 1967 wani alƙalin wasa ya amsa cewa yakan hura usur ba laifin kowa, don kawai a sami damar saka talla.

Na biyu kunnen doki. Ba'amurke ba ya son a tashi ba gwani ba na kāshi. Lig ɗin da ta kawo Pele kulob ɗin Cosmos a 1975 ta soke canjaras, ta ƙirƙiro wani raba-gardama inda ɗan wasa zai taso daga yadi 35, a ba shi daƙiƙa biyar ya ci mai tsaron gida. Ta mutu bayan kakar 1984. MLS da ta fara a 1996 ta gwada irin wannan, har da agogo mai ƙirga lokaci da baya, ta ga masu son wasan na gudu, waɗanda ba sa so kuma ba su zo ba, sai ta watsar bayan 1999.

Na uku faɗuwar ƙarya. Wannan kam ba ni da ta cewa, suna da gaskiya, ni ma abin yana ba ni kunya.

Ina nan aka yi gasar 1994. Ranar buɗewa, 17 ga Yuni, ɗimbin mutanen ƙasar na kallon 'yan sanda suna bin farar motar O.J. Simpson a kan titin Los Angeles. Amma filaye sun cika maƙil, mutum sama da miliyan uku da rabi a wasanni 52, adadin da har gasar Qatar ta 2022 ba a kamo ba. Ran 5 ga Yuli ina cikin filin Foxborough, Amunike ya ci Italiya, an kori Zola, saura minti biyu mu wuce, sai Baggio ya farke, ya ƙara da fenariti a ƙarin lokaci. Wani dattijo Bature da ke kusa da ni, wanda tun farko yake tambayata mece ce satar gida, ya dafa kafaɗata bai ce komai ba. Sai ga wasan ƙarshe, Brazil da Italiya, minti 120 ba ci. Washegari a wurin aiki ban sha da daɗi ba.

Batun 'yan mata kuwa, abin da abokan yarona ke ɗauka zagi, abin alfaharin ƙasarsu ne. Dokar 1972 da ta tilasta wa makarantu masu karɓar kuɗin gwamnati su daidaita maza da mata ita ta cika filaye da 'yan mata, suka ɗauki kofin duniya a 1991, 1999, 2015 da 2019. Wasan ƙarshe na 1999 da Sin, mutum 90,185 suka shiga kallo.

Kokena ni daban ne, ba ya cikin jerin nasu. Mu a Zariya da ƙwallon tsumma muka koya, duwatsu biyu su ne raga. A nan in kana son ɗanka ya yi nisa sai ka biya kulob dubban daloli a shekara, ban da mai da otal in za su wasa wata jiha. Wasan talakawan duniya ya zama na masu hali, futbol kuma makaranta ce ke ba da kaya da koci. Ko da Beckham ya zo a 2007, Messi ya zo Miami a 2023, wannan bai taɓa aljihun uba irina ba. Na lura ma mahaifiyar yaron ta yi shiru da ya kawo maganarsa, domin ita ke riƙe da lissafin gida, sai dai tana tsoron buguwar kai da ake fama da ita a futbol.

Takardar tana nan kan firji, wa'adinta Juma'a mai zuwa. Na ce masa ran Asabar ɗin nan ya shirya mu je Fall River da Tiverton in nuna masa inda kakannin abokansa suka yi tasu sokar. Ya ce to, amma da sharaɗin in mun dawo zan zauna in kalli futbol tare da shi daga farko har ƙarshe, har da tallar. Na amsa.