BABI NA UKU: DAGA LIFIDI ZUWA RIGAR SULKE, TARIHIN KAYAN KARIYA NA YAƘI A ƘASAR SABON BIRNI DA ISA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ƙasar Sabon Birni da Isa take shimfiɗe a inda gulaben Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke haɗuwa su zama Gulbin Rima. An kuma nuna cewa a wannan yanki ne kufan Birnin Zamfara yake, wanda Sarkin Gobir Babari ya ci wajen shekarar 1762, haka nan kufan Alkalawa, birnin da Gobirawa suka mayar fadarsu bayan wannan nasara. Wannan babi zai dubi kayan da mayaƙan yankin suka riƙa sawa domin kare jikinsu da na dawakinsu, da yadda kayan suka sauya. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a kowane zamani mai riƙe da mulki shi ke ɗaukar kaya masu nauyi, wanda ke jayayya da shi kuwa yakan dogara ne ga sauƙin jiki da saurin tafiya.

3.1 Lifidi Da Sulke Da Dafi

Ba a Gobir aka fara sa lifidi ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, a matsayin sarkin da ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunarsa. Ke nan a lokacin da Gobirawa suka kafa Alkalawa, waɗannan kaya sun yi fiye da shekara 300 a ƙasar Hausa.

Lifidi ɗinki ne. Akan samu ƙyalle mai kauri ruɓi biyu, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, sa'an nan a bi shi da ɗinki kusa da kusa domin kada audugar ta taru wuri ɗaya. Akan yi wa mahayi nasa, a yi wa doki nasa, wanda ke rufe wuya da ƙirji da gindi ya sauko har kusa da gwiwa. A kai kuma mahayi ya kifa kwalkwali, sau da yawa da gashin jimina a ƙololuwarsa. Sulke kuwa riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa cikin juna. Mafi yawansa ba maƙeran gida suka ƙera ba, fatake ne ke shigo da shi ta hamada daga wajen Masar da Tarabulus, kamar yadda binciken da A.D.H. Bivar ya wallafa a 1964 kan sulken da ya samu a fadojin Arewa ya nuna. Saboda haka sulke kayan sarakuna ne da manyan barade, ana gadonsa kamar yadda ake gadon gona.

Ba za a gane amfanin lifidi ba sai an gane kibiyar da aka yi shi dominta. Dakarun ƙasa, waɗanda su ne mafi yawa a kowace runduna, kwari da baka suke ɗauka, kuma kan kibiyarsu shafe yake da dafin da ake dafawa daga 'ya'yan kwankwani, a gauraya da wasu abubuwa da kowane gida na maharba ke ɓoye sirrinsa. Wannan dafi zuciya yake kamawa. Don haka ba sai kibiya ta nutse cikin jiki ba, ƙwarzane ma ya isa ya kayar da mutum ko doki. A nan ne lifidi ya fi sulke, domin siririn tsinin kibiya na iya kutsawa ta ramin zobe, amma idan ya shiga auduga mai kauri sai ya maƙale tun bai kai ga fata ba. Sulke shi kuma ya fi tare saran takobi. Dakaren da ba shi da ko ɗaya sai ya dogara ga garkuwar fata, kuma wadda aka fi yabo ita ce ta fatar warwaji da ake samu daga Azbinawa, maƙwabtan Gobirawa ta arewa. Bayan garkuwa sai rigar layu da maganin ƙarfe da kau-da-bara, waɗanda a wurin mai su kayan yaƙi ne sosai, ba ado ba.

Sai dai lifidi yana da aibinsa. Yana da nauyi da zafi, doki ba ya iya dogon sukuwa da shi, kuma auduga ba ta shiri da wuta.

3.2 Daga Tabkin Kwatto Zuwa Konya

Rundunar da Sarkin Gobir Yunfa ya fita da ita daga Alkalawa a 1804 runduna ce ta mai mulki. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na wannan shekara, Muhammadu Bello ya ambata a littafinsa Infaƙul Maisuri cewa Gobirawa sun zo da 'yan lifida kimanin 100, ban da sauran barade da Azbinawan da suka rufa musu baya, alhali jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo dawakinsu ba su wuce 20 ba. Duk da haka maharban jama'a, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, suka tsaya suka karya su. Dalilin bai da wuyar ganewa. Aikin ɗan lifida shi ne ya fasa sahun abokan gaba domin barade su kutsa ta kafar da ya buɗe. Idan sahun ya ƙi fashewa, to nauyin da ya zo da shi ya zama masa kaya, ba ya iya juyawa da sauri, balle gudu.

Abin lura shi ne, waɗanda suka ci nasara ba su yar da lifidin da suka samu ganima ba, sawa suka yi. Bayan faɗuwar Alkalawa a watan Oktoba na 1808, inda aka kashe Yunfa, sai al'amari ya juya. Daular Sakkwato ta zama mai lifidi da sulke, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka koma masu kai hari su ɓace.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan juyi ta fito ne daga Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya ga yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Konya, garin da Gobirawa suka yi zama a lokacin, cikin Oktoba 1826. Ya ƙiyasta rundunar da mutum 50,000 zuwa 60,000, kuma ya ce fiye da tara cikin goma dakarun ƙasa ne. A cikin wannan taro duka, 'yan lifida shida-shida ne ga kowane sarki, shida kuma ga Sarkin Musulmi, abin da ke nuna tsadar kayan. Ya kuma lura cewa sai mutum biyu sun ɗaga ɗan lifida kafin ya hau doki. Mutanen garin kuwa, in ji shi, bindiga ɗaya tak suke da ita. Amma da 'yan lifida suka doshi ganuwa, wannan bindiga ɗaya ce ta kayar da na gabansu, harsashi ya huda lifidin ya shiga ƙirjinsa, sai ja aka yi aka fitar da shi daga fage. Ba a ci Konya a wannan karo ba. Ana iya cewa a wannan rana aka ga iyakar lifidi, kodayake an ci gaba da sa shi shekara 77 bayan haka, domin bindigogi ba su yawaita ba, kuma kibiya ce dai ke kashe mafi yawan mutane.

3.3 Zamanin Ribaɗi

A 1836 Bello ya ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka rasa rayukansu. Waɗanda suka tsira suka bi Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga nan yaƙin ya zama na kan iyaka. Sakkwato ta kafa garuruwan ribaɗi irin su Lajinge da Shinaka da Isa a hannun 'ya'yan Bello, kuma daga Isa ne Aliyu Ƙarami ya zama Sarkin Musulmi a 1866. Wajen 1860 kuma Ɗan Halima, wanda ya saɓa da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya kafa Sabon Birni da yardar Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku.

A irin wannan yaƙi lifidi bai da wani babban tasiri. Maharin da ya taso daga Tsibiri yana son ya isa ƙauye da asuba, ya kore shanu, ya kama mutane, ya koma kafin labari ya kai ga mai gari. Dokinsa ba ya ɗauke da komai sai shi da mashi da takobi da garkuwa. Kafin a gama ɗaura wa dokin lifidi kaya, mahari ya yi nisa. Saboda haka kariyar talaka ta koma ga ganuwa da gwalalo da shingen ƙaya. Matafiya kuwa ba su da abin yi sai sauri. Heinrich Barth, da ya ratsa dajin Gundumi a 1853 a hanyarsa ta zuwa Wurno da Sakkwato, ayarinsu ya yi tafiyar awa 26 ba yada zango saboda tsoron Gobirawa. Duk wanda ya san halin da hanyar Gundumi zuwa Isa ta shiga a shekarun 2020 zai ji wannan labari kamar na jiya.

3.4 Bindigar Nasara

Zuwan Turawa ya rufe babin lifidi a fagen fama. A ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Ingila ta ci Sakkwato da bindigogi masu jigida da igwa, kuma baraden Sarkin Musulmi Attahiru ba su samu kusantar sahunta ba. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka raba Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa hannun Ingila. Lifidi da sulke da kwalkwali suka koma kayan hawan salla. Har a waƙar fada ana iya ganin wannan sauyi, domin dokin da Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, ya fi wasawa, wato Ɗanhilinge, da gudu a fagen sukuwa ya yi suna, ba da ɗaukar lifidi ba.

3.5 Sulken Zamani

Kalmomin ba su mutu ba. Hausawa na kiran rigar da soja ke sawa don tare harsashi rigar sulke, motar yaƙi mai garkuwar ƙarfe kuma motar sulke. Amma idan aka dubi yadda rigar take aiki, za a ga ta fi kama da lifidi. Zaren Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1965, jera shi ake yi ruɓi-ruɓi domin ya kama harsashi ya rarraba ƙarfinsa, kamar yadda auduga ke kama tsinin kibiya. Shi kaɗai yana tare harsashin ƙaramar bindiga da ɓarɓashin bam, amma harsashin AK-47 sai an zura faranti na ƙarfe ko na tangaran mai tauri a gaba da baya. Da faranti da hular kwano da harsasai, kayan soja kan haura kilo 10 nesa ba kusa ba, a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Nijeriya ta yi ƙoƙarin ƙera irin waɗannan kaya a gida ta hannun kamfanin DICON na Kaduna, wanda aka kafa a 1964, kuma a Disamba 2019 aka ƙaddamar da motar sulke ƙirar gida mai suna Ezugwu.

Abokan karawar soja a wannan yanki, wato 'yan bindigar daji irin su yaran Bello Turji, a kan babura suke, biyu ko uku a kan kowane ɗaya, suna bin hanyoyin shanu da mota ba ta iya bi. A ranar 27 ga Mayu 2020 sun afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa a ƙasar Sabon Birni, suka kashe fiye da mutum 70. A Satumba 2021 suka far wa sansanin jami'an tsaro na Burkusuma. A Agusta 2024 kuma, cikin damina, motocin sulke biyu na soja suka kafe a laka a Kwashabawa ta ƙasar Zurmi, gabas da Isa, aka bar su, yaran Turji suka cinna musu wuta. A wannan wata ne kuma aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Matakan da gwamnatin Jihar Sakkwato ta ɗauka a 2021, na katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 da taƙaita sayar da man fetur a jarka, sun nuna cewa hukuma ta gane saurin mahari ne ya kamata a karya. Haka ma rundunar tsaron al'umma da jihar ta ƙaddamar a Maris 2024, babura na cikin manyan kayan aikin da aka raba mata.

Akwai wani abu guda da ya bambanta da zamanin da. A da kwalkwali da lifidi suna shaida ko wane ne mai su tun daga nesa, domin talaka ko ɓarawo ba ya iya mallakarsu. Kakin soja mai dabbare-dabbare kuwa ƙyalle ne da tela ke iya ɗinkawa, ana kuma tuɓe shi daga jikin gawa. Mahara da yawa sun riƙa shigowa ƙauyuka sanye da shi, har ya kai mutanen ƙauye idan sun hango kaki ba su san ko su tarbe shi ko su ruga ba.

Manomi dai bai samu lifidi a 1826 ba, bai kuma samu rigar sulke a 2020 ba. Abin da ɗan sa-kai ke fita da shi bai wuce bindigar toka da adda da rigar layu irin ta kakanninsa ba. Inda wannan ya kasa, sai ƙaura. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a watan Afrilu na 2020 kaɗai mutum kimanin 23,000 suka tsallaka daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa Jamhuriyar Nijar. Da yawa daga cikin mutanen Sabon Birni da Isa da suka yi hijira a waɗannan shekaru a ƙasar Gidan Runji suka sauka, wato gundumar da Tsibiri take cikinta, garin da Mayaƙi ya kafa wa 'yan gudun hijirar Gawakuke.